Gawayin totuwa da ɓuntu zai iya cire ragowar magani daga ruwa? Tambayoyi da amsoshi daga Gombe

Duk sanda zancen tace ruwa da gawayin sharar gona ya taso, ko wajen ɗalibai masu furojet, ko masu kiwon kaji, ko iyayenmu mata da suke fama da ruwan 'yan ga-ruwa, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tara wuri guda. Wasu amsoshin sun yi tsawo, a yi haƙuri, maganar ce ta zo da haka.

Wai Malam da gaske akwai magani a cikin ruwa? Ta ina ya shiga?

Akwai kam, kuma babbar ƙofar shigarsa jikinmu ne. Ka haɗiyi kafso, jiki ya ɗebi abin da zai ɗiba, sauran ya biyo fitsari da bayan gida. Amoksisilin wajen kashi 60 cikin 100 yana fitowa a fitsari yadda ka sha shi, sifro da ake bayarwa na taifot kusan rabi, metfomin na masu ciwon suga kuwa jiki ko taɓa shi ba ya yi, yadda ya shiga haka yake fita. Farasitamol ne hanta take juya shi sosai, ɗan kaɗan ne yake fita da kamanninsa na asali.

Toh mu nan Gombe ba mu da babbar hanyar ruwan ƙazanta ta gari da take kaiwa wata matata, kowane gida da nashi masai ko sokawe, in ya cika a kira mota ta zuƙe ta kai bayan gari, abin da ya tsiyaye cikin ƙasa kuma yana iya samun rijiyar maƙwabci in tana kusa kuma ba ta da zurfi. Shi ya sa ake cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wanda a cikin unguwa irin Bolari ko Jekadafari kowa ya san da wuya a samu.

Hanya ta biyu dabbobi ne. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san garin nan ruwan ɗorawa da ake kaɗawa a ruwan shansu, oksitetirasaikilin da 'yan uwansa, wani tun kajin suna 'yan kwanaki har ranar sayarwa. Kashin a ɗura a buhu a sayar wa masu lambu, ruwan wankin keji ya bi kwata. Sai ragowar sirof ɗin yara da ƙwayoyin da suka gama aiki, a watsa a bola, damina ta sauka ruwa ya kwashe ya bi kwarurrukan nan da suka tsaga gari. Ga kuma ruwan asibitoci da na mayanka.

Nawa ne a ciki? In na sha zai min aikin magani kenan?

Ko kusa. Maikurogiram ake magana ko nanogiram a lita ɗaya, wato miligiram ɗaya a raba shi gida dubu (maikurogiram) ko gida miliyan (nanogiram). Mu yi lissafi: ƙwayar farasitamol ɗaya miligiram 500 ce. A ce ruwanka yana da maikurogiram 1 a kowace lita, kana shan lita 2 kullum, sai ka yi shekara wajen 685 kafin ka haɗa ƙwaya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan wannan a 2012, ta ce abin da ake samu a tataccen ruwan sha yawanci ya gaza mafi ƙarancin abin da likita zai rubuta da fiye da sau 1,000, dan haka ba ta sa masa iyaka a hukumance ba.

Sai dai fa yawancin abin da ta duba daga ƙasashe masu matatu ne. A 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila suka buga sakamakon gwajin koguna 258 a ƙasashe 104, wurare 1,052, suna neman magunguna 61. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren an samu aƙalla magani ɗaya ya haura matakin da ake ganin babu haɗari. Mafiya gurɓata suna Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya da Kudancin Amurka, Lahore da La Paz da Addis Ababa a sahun gaba, kuma abin da ya haɗa irin wuraren shi ne rashin matatar ruwan ƙazanta, jibge shara a bakin kogi, da juye kayan sokawe cikin ruwa. Kaga kuwa ba sai an yi mana fassarar wannan ba.

In ɗan kaɗan ne haka, meye abin tayar da hankali?

Abin da ya fi damuna ƙwayoyin cuta ne. Maganin da bai kai ya kashe su ba amma kullum suna cikinsa, horar da su yake yi, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa har su riƙa miƙa wa junansu wannan taurin kan ta ƙwayar halitta. Ranar da irinsu suka shiga jikin yaro, a ba shi sifro ya shanye kwalin kaf, taifot na nan daram. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka duba da yawan jama'a yankin da abin ya fi ƙamari shi ne Afirka ta Yamma. Gaskiya shan magani barkatai daga kemis ba gwaji ya fi ruwa laifi a nan, amma kwata da kududdufi su ne inda ƙwayoyin suke cuɗanya da ragowar maganin. A Patancheru kusa da Hyderabad ta Indiya, a 2007 an auna ruwan da yake fita daga matatar da kamfanonin magani wajen 90 suke tura wa ƙazantarsu, aka samu sifro har miligiram 31 a lita, ya fi abin da ake samu a jinin mara lafiyar da yake kan maganin.

Sai sauran halittu. A lardin Ontario na Kanada an ware wani tabki na gwaji aka riƙa zuba masa sinadarin ƙwayar tsarin iyali, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a lita, mazan wani ƙaramin kifi suka fara nuna siffar mata, cikin 'yan shekaru kifin ya kusa ƙarewa a tabkin. Duk mai cin abinci da kamun kifi a Dadin Kowa ya kamata wannan labarin ya tsaya masa a rai. Ga kuma ungulayen Indiya da Pakistan da Nepal: ana yi wa shanu allurar dikilofenak, saniya ta mutu, ungulu ta ci mushen ƙodarta ta lalace, wasu nau'o'in sama da kashi 95 cikin 100 suka ƙare, sai a 2004 aka gano dalili, Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Wannan ta nama ya bi, na kawo shi ne dai dan a ga abin da maganin ciwon jiki da kowa ya raina zai iya yi.

Ni ina tafasa ruwa, wani lokaci in sa alam ko WaterGuard. Bai isa ba?

Hajiya ki ci gaba da yi, kar ki fasa, dan kwalara da taifot su ne suke kwantar da mutum cikin kwana biyu, kuma tafasawa da kulorin su ne maganinsu. Amma yawancin magunguna zafin digiri 100 ba ya musu komai, ruwan ne ma yake ƙafewa ya bar su a tukunya. Alam laka yake tattarawa ya zaunar ƙasa, abin da ya riga ya narke kaɗan ne yake tafiya da shi, haka ma dakakkiyar ƙwayar zogale, aikinsu ɗaya. Kulorin yana farfasa wasu, irin sinadarin Septrin, wasu kamar kabamazefin na masu farfaɗiya ko gezau, wasu kuma juya su yake su koma wani abu dabam. A nan ne gawayi yake da wajen zama.

Ta yaya gawayi yake kama magani?

In ka ƙona totuwa ko ɓawon gyaɗa a inda iska ba ta isa sosai, danshi da mai da hayaƙin da ke ciki su fice, abin da ya rage kabon ne cike da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ƙofofin giram ɗaya na gyararren gawayi mai kyau, zai kai murabba'in mita 1,000, ya ɗara fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100 kenan. Ruwa yana ratsawa, ƙwayoyin maganin suna liƙewa a bangon.

Dalilin liƙewar, yawancin magunguna akwai zoben kabon a gininsu, shi ma gawayin da ya sha wuta sosai shimfiɗar irin zoben ne, sai su kwanta a kan juna. Wasu kuma da ma ba sa son zama cikin ruwa, da sun samu mafaka sai su bar shi. Akwai kuma caji, fuskar gawayin da shi maganin kowanne cajinsa yana canzawa gwargwadon tsamin ruwan, pH kenan, in sun saɓa su ja juna in sun zo ɗaya su ture juna. Shi ya sa gawayi ɗaya zai riƙe dikilofenak da kabamazefin da sifro da kyau, amma metfomin ya wuce abinsa, dan ƙarami ne kuma yana son ruwa.

Ka ɗauke shi kamar motar Kumo a tasha. Kujeru ƙididdigaggu ne, wanda ya riga shiga shi ya zauna, kuma kamasho ba ya tambayar waye magani waye ruwan ruɓaɓɓen ganye. In ruwanka ya zo da datti mai yawa, dattin ne zai cike kujerun kafin maganin ya iso, in ta cika kuma shikenan.

Wace shara ce ta fi kyau a nan wajenmu?

A duniya ɓawon kwakwa ne a gaba, manyan kamfanoni a Sri Lanka da Filifin da Indiya da shi suke yi, mu kuwa ba mu da shi da yawa. Namu su ne totuwar masara, ɓawon gyaɗa, karan auduga, ƙwallon dabino da na goruba, tuƙar rake da ɓuntun shinkafa. Ni a ganina totuwa ce ta fi daɗin farawa, iska tana ratsa ta a duron da ake ƙona ta, tokarta kaɗan ce, kuma bayan an casa masara da kaka tari-tari take.

Ɓuntu kowa shi yake fara tunawa saboda tulinsa da ake gani a bayan injinan casa, ko a Dadin Kowa ko a cikin gari, dan wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Matsalarsa toka. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nashi toka ce, mafi yawanta silika, sinadarin yashi, dan haka gawayinsa bai kai na totuwa kabon ba, ga shi ƙanana ne yana toshe iska a duro. A lab ana wanke silikar da soda ƙofofin su buɗe ya zama mai kyau ƙwarai, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin ruwan wanki mai kaifi da shi ma sai an san inda za a kai shi.

Kar dai mu kira komai shara. Karan dawa da harawa abincin shanu ne da rani, dusa ma tana da masu ita. Abin da ake cinna wa wuta a banza shi za a nema. Kuma ɗanyen ɓawo ba a ƙona ba ban ba da shawararsa ba, yana sakin launi a ruwa, kwana kaɗan ya ruɓe.

Ba sai in daka gawayin girki kawai ba?

Zai rage wari da ɗanɗano, amma wajen magani rauni ne da shi. Masu gawayin daji turara itace suke yi a rami da wuta mai sauƙi, digiri 350 zuwa 500, su nauyi suke so da abin da zai kama wuta da wuri, toh kwalta da man itacen suna nan sun toshe ƙofofin. Na tace ruwa sai ya ga zafin 700 zuwa 900. Kuma jihar da take fama da dashen itace na Gombe Goes Green tun 2019, bai dace mu ƙara wa masu gatari kasuwa ba.

Toh ya ake yin mai kyan a gida?

Ka nemi duro mai lita 200 wanda ka tabbata ba a taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai ko fenti a ciki ba. A huda gindinsa ƙananan ramuka da yawa, a ɗora kan bulo uku yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙasa. A cika da busasshiyar totuwa an karya ta gunduwa-gunduwa, kar a danna. Wutar daga sama ake kunnawa, nan mutane suke gardama wai ai wuta daga ƙasa take ci. Da ta kama sai a kifa murfi mai bututun hayaƙi a tsakiya, a bar 'yan ƙofofi a wuyan duron dan iska ta shiga ta cinye hayaƙin. In abin ya tafi daidai ba zaka ga farin hayaƙi ba, harshen wuta ne kawai ruwan lemo yana huci cikin bututun, in ka yayyafa ruwa a jikin duron kuma zaka ga inda yake yin cuu, nan wutar ta kai, haka layin zai yi ta sauka a hankali awa ɗaya zuwa biyu. Da ja ya bayyana ta ramukan ƙasa, harshen wutar ya ragu ya koma shuɗi, a kashe da ruwa mai yawa nan take, in ka tsaya amsa waya zaka dawo ka tarar da toka.

Hannunka ma zai gwada maka shi. Mai kyau ba shi da nauyi, in ka zubar a siminti yana ƙara ƙal-ƙal, ba ya warin hayaƙi, in ka murza a tafi baƙin yana fita da ruwa zalla. In sai da sabulu, da sauran kwalta, bai ƙonu ba. Kar ka yi mamaki in abin da ka samu bai kai rubu'in nauyin da ka zuba ba. A daka a turmi da ɗan danshi saboda ƙura, a tankaɗe, a ɗebi masu girma tsakanin ƙwayar gero da ta masara, a wanke har baƙin ruwa ya daina fita.

A fili za a yi, nesa da ɗaki da yara. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ita ce dai take kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Tsarin nan an jima ana gwada shi, wani injiniya ɗan Amurka Josh Kearns da ƙungiyarsa Aqueous Solutions sun yi shekaru a kansa a ƙauyukan Thailand da iyakar Myanmar, su maganin feshin gona ne ma ya fara kai su.

Meye bambancinsa da aktibeted kabon, wato gyararren gawayi na kanti? Na ji wai ana jiƙa shi da ruwan batir.

Na kanti an ƙara masa mataki ɗaya na buɗe ƙofofi, ko a bi ta kansa da tururi a zafin 800 zuwa sama, ko a jiƙa kayan da asid na fosforik ko zink kulorayid ko sinadarin fotash mai kaifi da ake kira KOH kafin a ƙona. Na duro yawanci murabba'in mita 'yan ɗaruruwa ne a giram, dan haka sai ka zuba da yawa, amma tunda totuwa kusan kyauta ce ba asara. Ruwan batir kam a'a, dan Allah. Wanda ya fito daga batir yana ɗauke da dalma, kuma abin da dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba a manta ba. Aikin sinadari a bar wa lab mai safar hannu da tabarau.

Ya zan jera shi in ina so in gwada?

Mazubi huɗu a jere, kowanne ya ɗan fi wanda yake bi masa tsayi. Na farko tsakuwa, na biyu yashi mai laushi da aka wanke, na uku gawayi, na huɗu na ajiya mai murfi da famfo. In ruwan ja ne a bar shi ya kwana ya zauna tukun, ko a sa masa alam. Ruwa ya riƙa tafiya a hankali, na kanti minti 10 zuwa 20 ya ishe shi amma na duro gara ruwan ya yi awanni a cikinsa.

Abin da kada a manta: tafasawa ko kulorin a ƙarshe ake yi, bayan gawayi. Gawayi yana cinye kulorin, kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, in ya jima da danshi ma a jikinsa suke yin gida. Wanda ya sa WaterGuard sannan ya bi da ruwan ta gawayi ya ɓata kuɗinsa.

Ta yaya zan san ya cika?

Ido ba zai gaya maka ba, ruwa zai fito garau alhali maganin ya fara wucewa. In har wari ko launi ya dawo toh ya jima da cika. Kuma cikakken gawayi yana iya sakin wani abin da ya riƙe in ruwa ya canza. Dan haka a rubuta ranar da aka zuba shi a jikin duron. Masu tsarin Thailand aƙalla sau ɗaya a shekara suke canzawa, shi ma da ruwan da ya riga ya bi tsakuwa da yashi, na ruwan ƙazanta kuwa ba zai kai ko kusa da haka ba. Tabbaci sai gwajin lab.

In ya cika ina zan kai shi? Zan iya zubawa a gona?

Maganin yana nan liƙe, bai mutu ba. Kar a zuba a lambun alayyahu ko salak, kar a yi girki da shi, kar a watsa a kwata. Wanda ya tace ruwan rijiyar gida a binne shi a rami nesa da ruwa. Na asibiti ko gidan kaji kuwa wuta mai tsanani yake buƙata, ko a dama shi da siminti a cikin duro ya daskare. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 kan zubar da magunguna ta ambaci murhun kamfanin siminti, wanda zafinsa yake kaiwa digiri 1,450, mu kuwa ga Ashaka nan a Funakaye, magana ce da hukumomi za su iya zama su yi.

Na ga takardu suna cewa ɓawon kaza ya cire kashi 99. Ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne, amma ka duba yadda aka yi gwajin. Ruwan distil ne, tsantsar ruwan lab da babu komai a cikinsa, magani ɗaya tak, miligiram 50 ko 100 a lita wato ninki dubbai na abin da yake kogi, garin gawayi mai laushi, a girgiza a kwalba awa 24. Ka je ka dubi kogin Gongola a watan Agusta ka gaya min ko ya yi kama da ruwan distil. Kashi kaza cikin ɗari kuma ba ya nufin komai in ba a faɗi giram nawa aka zuba ba, lambar da za a nema ita ce miligiram nawa na magani giram ɗaya ya riƙe.

Ƙannena masu furojet a Jami'ar Jihar Gombe ko Kashere ko ATBU ta Bauchi, ga shawara kyauta. Ku maimaita gwajin da ruwan gaske, na rijiya ko na dam, ku ga nawa ya faɗi, wannan faɗuwar ita ce sakamakon da ya fi amfani. Ku sa kwalba ɗaya ba gawayi dan a san abin da haske ko gilashi suka cinye, ku sa na kanti a gefe dan kwatantawa, kowane gwaji sau uku. Ku zuba gawayin a bututu ruwa ya riƙa ɗiga har maganin ya fara ɓullowa ta ƙasa, dan haka ne za a yi amfani da shi a zahiri. Na'urar UV mai auna sinadari da haske tana ganin farasitamol a nanomita 243, rinin gwaji na metilin bulu a 664, amma a matakin miligiram ne, na maikurogiram sai manyan na'urorin lab irin HPLC ko LC-MS. Jera lambobi a lissafin Langmuir na 1918, mai ƙiyasta iyakar abin da gawayi zai riƙe, kawai a rufe babi bai gaya wa mai gidan kaji komai ba.

Mu a Kaltungo haƙoran yara ne suke yin ja. Gawayin nan zai yi?

Ba zai yi ba. Wannan fuloraid ne daga duwatsun ƙasa, gawayin totuwa ba ya riƙe shi, kamar yadda ba ya cire gishiri ko naitiret na taki. Na fuloraid gawayin ƙashi ake yi, ƙashin shanu da aka ƙona, dan sinadarin ƙashin ne yake kama shi. Aiki ne dabam.

Fiyo wata fa?

Ya danganta da kamfanin. Tsarin da NAFDAC take nema akwai tankin yashi da na gawayi da fitilar UV, masu na'urar RO, mai matsa ruwa ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, kuma suna cire mafi yawan magunguna. Abin tambaya shi ne yaushe aka canza gawayin tankin.

Kai a ganinka ina ya fi dacewa a sa shi?

A bakin inda maganin yake fita, kafin randa. Bututun da yake fitowa daga ɗakin kwanciyar marasa lafiya, ruwan wankin gidan kaji, na mayanka, ruwan da masu kiwon tarwaɗa suke saki bayan sun zuba magani. A nan lita kaɗan ce take ɗauke da magani mai yawa, in ka bari ya shiga kogi sai ka tace lita miliyoyi kafin ka kamo abin da duro biyu za su iya tarewa. Suwizalan ma da kuɗinta haka ta yi, a 2016 dokarta ta fara aiki ta ƙara matakin gawayi ko iskar ozon mai farfasa sinadarai a matatun ruwan ƙazanta wajen 100, da burin cire kashi 80 na irin waɗannan sinadarai kafin ruwan ya koma kogi.

Sai dai ruwan irin wuraren nan kauri ne da shi, in ka tura shi kai tsaye kan gawayi kwana kaɗan ya toshe. Sai ya fara bi ta tankin zaunarwa, ya bi tsakuwa da yashi, in da hali ya ratsa kwamin ciyayi masu son ruwa, gawayi ya zo ƙarshe. Alhaji mai kaji kuma, mafi arha a wajenka shi ne rage maganin tun daga mazubi: a daina bayarwa dan rigakafi kawai ba likitan dabbobi ya ce ba, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin leda kafin a sayar da kaza ko ƙwai, kashin kuma a tara shi ya yi makonni yana ɗaukar zafi ana juyawa kafin ya tafi lambu, zafin takin yana lalata kaso mai yawa na tetirasaikilin.

Ragowar maganin da yake cikin durowa a gida fa, ya zan yi da shi?

Kar a juye a masai ko kwata. In akwai famasi mai rajista kusa a tambaye su ko suna karɓa, dan magungunan da suka gama aiki NAFDAC ce take kula da lalata su. In babu, a ciro ƙwayoyin daga kwali a zuba a gorar roba, a ƙara garin gawayi da ɗan ruwa, sirof ma a juye a ciki, a ɗaure murfin tam sannan a sa a shara. A Amurka har jakunkuna ake sayarwa na wannan aikin masu gyararren gawayi a ciki. Tiramadol da sauran masu bugarwa kam a miƙa su hannun famasis, kar su je bola ko a cikin gora, saboda yara 'yan jari bola suna buɗe duk abin da suka tsinta.